Wa zan ɗauka ya duba min gida kafin in biya kuɗi?

"Injiniya barka da aiki. Ina aiki a Legas amma iyalina suna Kano, shekara 9 ina tara kuɗi, yanzu an samo min gida falat mai ɗaki huɗu a bayan gari, miliyan 38. Hotuna da bidiyo kawai na gani, sabon fenti, tayil ko'ina, POP har banɗaki. Dillalin ya ce in ban ba da kafin alƙalami cikin sati ɗaya ba akwai wani Alhaji da ke jira, kuma ya ce yana da magininsa da zai duba min kyauta. Ƙanina kuma ya ce akwai abokinsa da ya karanta injiniyarin zai duba. Wa ya kamata in ɗauka, kuma ta yaya zan gane wanda ya san aikin da wanda ke cika baki kawai?"

Malam barka kadai, Allah ya sa a shiga a sa'a. In na fahimce ka tambayarka biyu ce a haɗe, wato wane irin mutum ne ya cancanci ya duba gida kafin a saya, sannan a cikin biyun nan da aka kawo maka akwai wanda za ka dogara da shi ko babu. Bari in fara da ta biyun don ita ce mai gaggawa. Maginin dillali ka bar shi. Ba wai na ce mutumin banza ba ne, ban san shi ba, ƙila ma ya fi ni sanin siminti, amma ka duba inda abincinsa yake. Dillali la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, maginin kuma gobe dillalin ne zai sake kiransa aiki, kai kuwa daga yau ba lallai ku sake haɗuwa ba. To mutumin da ke cikin wannan hali ko ya ga tsaga a bango me kake tsammanin zai ce? Cewa zai yi "ai wannan filasta ce kawai Alhaji, buhu ɗaya ya gyara ta." Kuma kalmar kyautar nan ita ce ta fi ba ni tsoro a duk saƙon naka.

Abokin ƙaninka kuma sai mu tambaya, wane injiniyarin ya karanta? Don akwai na lantarki, akwai na inji, akwai na sinadarai, akwai na kwamfuta, duk injiniyoyi ne amma ba su da haɗi da fandeshin. Ko ma sibil ya karanta, in tun da ya gama bautar ƙasa a banki yake aiki to takardar tana nan amma idon bai samu ba. Duba tsohon gini ido ne da ake samu a fili, bayan mutum ya ga gine-gine da yawa sun lalace ya kuma ga dalilin lalacewar.

A Amurka akwai sana'a guda da ake yi don wannan kawai, mai duba gida, jihohi da yawa suna ba su lasisi, suna da ƙungiyoyi irin su ASHI da aka kafa tun 1976, kuma a takardar ciniki akan sa sharaɗin cewa in dubawa ta nuna matsala mai saye zai iya janyewa. A Ingila 'yan RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu duba gini da kimanta shi, ne ke yi, har mataki uku suke da shi gwargwadon zurfin binciken. Mu a Najeriya ba mu da sana'a guda mai wannan suna da doka ta tsara, aikin a rarrabe yake tsakanin mutane daban-daban, shi ya sa kowa ke iya buga kati ya kira kansa abin da ya ga dama. Don haka sai ka san waye ke yin me.

Waye ke yin me

Lafiyar ginin kansa, wato fandeshin da fila da bim (ginshiƙan kankare na tsaye da na kwance) da linta da dekin, aikin injiniyan sibil ne, musamman wanda ya ƙware a ɓangaren ƙarfin gini, kuma hukumar da ke musu rajista ita ce COREN, wadda aka kafa a 1970. Ka lura, NSE ƙungiya ce ta injiniyoyi, zama ɗan ƙungiya daban, rajistar COREN daban, ita rajistar ce ke ba mutum ikon sa hatimi a takarda. Akwai kuma ƙwararrun magina masu digiri da CORBON ke wa rajista tun 1989, su ma sun san ingancin aiki da kayan aiki sosai, a gida falat irin naka gogaggen ɗan CORBON zai yi maka aiki mai kyau. Masu zanen gini ARCON ce tasu. Masu kimanta darajar gida, wato su gaya maka ko miliyan 38 ɗin nan ta dace ko an yi maka tsada, ESVARBON ke musu rajista, ƙungiyarsu NIESV. Safiyo kuma, mai auna fili ya tabbatar iyakar da ke takarda ita ce a ƙasa, SURCON. Takardu kuwa lauya.

Na san za ka ce yo ni gida ɗaya zan saya sai na tara mutum shida? A'a. A naka mutum biyu ne dole, injiniya ko ƙwararren magini mai rajista na ɗaya, lauya na biyu. Shi injiniyan in ya san aikinsa zai zo da mai wayarin da mai famfon da ya yarda da su, ko ya ce ka kira. Safiyo yana shigowa in katanga da takarda sun saɓa ko in unguwar awon igiya ce. Da a ce bene ne to ba zan ma ba ka zaɓi ba, injiniyan ƙarfin gini kawai, don mun ga abin da ya faru a Ikoyi ran 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya zube mutum sama da 40 suka rasu, mun ga na titin Beirut a nan Kano a watan Agusta 2022, mun ga makarantar da ta rufta wa yara a Jos a Yuli 2024. Falat ba ya kashe mutane haka da yawa, shi aljihu yake ci a hankali.

Yanzu yadda za ka tace mutumin. Ka kira shi a waya ka ce ya turo maka lambar rajistarsa da cikakken sunan da ke kai, ka bincika da kanka a wurin hukumar, ta shafinsu ko ofishinsu, ka kuma tambaya ko ya sabunta lasisin aikinsa na bana. Wanda yake da ita ba ya jin haushin tambayar, cikin minti biyu zai turo. Wanda ya fara "haba Alhaji ba ka yarda da ni ba ne, shekara ashirin ina wannan aiki" to ka gane. Bayan haka ka ce ya nuna maka rahoton da ya taɓa rubuta wa wani, ya goge suna da adireshi. Wannan ita ce jarrabawar da ta fi kowace, domin da yawa ba su taɓa rubutawa ba, zagayawa suke yi su ƙwanƙwasa bango su ce "gida lafiya lau" a karɓi kuɗin mai a tafi. Rahoton kirki za ka ga hotuna, kowane hoto an faɗi wane ɗaki ne wane bango ne, an raba matsalolin, ga wadda ke da haɗari, ga wadda za ta ci kuɗi nan da shekara biyu, ga ta kwalliya kawai, an yi kiyasin kuɗin gyara, an faɗi wuraren da ba a samu shiga ba, sannan sa hannu da hatimi. Hatimin nan shi ne abin da kake saye a gaskiya. Mutumin da ya sa hatiminsa ya san in ya yi ƙarya akwai inda za ka kai ƙararsa kuma akwai abin da zai rasa.

Sai ka tambaye shi kai tsaye, ka san mai gidan? ka san dillalin? ka taɓa yi musu aiki? Kuma kai za ka biya shi, daga hannunka zuwa nasa, kuɗin da aka yanke tun kafin ya je, ko an saya ko ba a saya ba. Kar ka yarda da "in ciniki ya faɗa a ba ni wani abu", don daga nan ya zama dillali na biyu. Akwai wani nau'in kuma da ya kamata ka yi hattara da shi ta ɗaya gefen, wanda zai duba ya zuzuta matsala don a ba shi kwangilar gyara. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce gidan da na duba ba na karɓar gyaransa, in mai gida ya nace sai in ba shi sunan mutum biyu ko uku ya zaɓa.

Tambaya ta ƙarshe mai sauƙi, awa nawa zai ɗauka kuma me zai zo da shi? Falat mai ɗaki huɗu ni ba na gamawa ƙasa da awa uku. In ya ce minti talatin ya isa to yawon buɗe ido zai je. Kayan aiki kuma aƙalla tsani da tocila da tef da lebur na gwada daidaiton ƙasa da bango da ƙaramar guduma da na'urar gwada danshi a bango da ta gwada wuta. Masu zurfafawa suna da gudumar gwajin kankare, wadda ake dannawa a jikin fila ta ba da lamba, da na'urar da ke gano rodi a cikin kankare ba tare da an fasa ba. Wanda ya zo da babbar riga da biro kawai, ba tsani, ka san ba shi da niyyar leƙa cikin silin, kuma rabin sirrin gida a can yake.

Abin da nake nema in na shiga gida

Zan ɗan faɗa maka don ka iya gane ko mutuminka yana aiki ko wasa yake. Ni ba na fara da cikin gida. Unguwar nake fara zagayawa, in duba ina ruwa yake bi in an yi sama, gidan yana sama da titi ko titi ya fi shi tudu, katangun maƙwabta akwai layin da ruwa ya bari a jikinsu ko babu. Sannan in nemi dattijon da ya daɗe a wurin, ko mai shayi ko mai kanti, in tambaye shi kafin a yi ginin nan me ke wurin. A Kano wannan tambayar tana da nauyi saboda kududdufai. Da yawa an cike su da shara da ɓaraguzai an yanka filaye an sayar, kuma ƙasar da aka cike da bola tana ci gaba da zama shekara da shekaru, gini yana binta. In da a Gombe ko Adamawa ko Borno kake saye da sai in ce a kula da baƙar lakar nan mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ita ma haka take wasa da fandeshin. In akwai ɗan haya da ya taɓa zama a gidan ka nemo shi ko da kuɗin kati ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wani gida da na je dubawa shekarun baya, irin ginin siyarwar nan ne, wanda ake ginawa don a sayar ba don a zauna ba. Kyan ɗan maciji, ƙofofin Turkiyya, fitilu kala-kala a POP, mai sayen har ya fara zaɓar ɗakin da zai sa uwargida. Abin da ya fara tsaya min shi ne tayil da aka manna a bangon falo daga ƙasa zuwa kusan ƙugu, a falo fa, ba kicin ba. Na ɗora na'urar danshi sama da tayil ɗin kaɗan sai ta haura. Na fita baya inda ba a damu a yi kwalliya ba, na sa ɗan makulli na kankare bulo ɗaya da ke leƙe a ƙasan katanga, wallahi sai ga shi yana zuba kamar garin kwaki. Ƙofar ɗakin baya kuma ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, an ma fere ƙasanta da sabon yanka. Na ɗauko ƙwallon yara na roba na ajiye a tsakiyar ɗakin, ta gangara da kanta zuwa kusurwa ɗaya. A wannan kusurwar ta waje akwai tsaga da ta tashi daga gefen taga ta yi kwana tana bin layin bulo kamar matakala, an cike ta an shafe da fenti amma inuwarta na nan in ka haska tocila a kaikaice. Mai shayin bakin layi ne ya ƙarasa min labarin, ya ce ai nan da ruwa ne, yara har kifi suke kamawa. Mai sayen bai ji daɗina ba ranar, dillalin kuwa har yau in mun haɗu gaisuwar sama-sama ce.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kar ka je ka ga layi kamar gashi a filasta ka fasa ciniki, wannan yawanci bushewar filasta ce. Wadda ake tsoro ita ce mai kwana, mai faɗi a sama siririya a ƙasa ko akasin haka, wadda ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje, ko wadda ta kai milimita 5. Da kuma tsaga a jikin fila ko bim ko ƙasan dekin, musamman in akwai jan tsatsa yana fitowa, alamar rodi ya fara ci ke nan. Danshi mai tasowa daga ƙasa, wanda ke sa fenti ya kumbura farin gishiri ya fito, yawanci rashin DPC ne, wato shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don ta tare danshi, ko an yi shi na jeka-na-yi-ka, kuma fenti ba ya maganinsa, rufe shi kawai yake yi na wata shida. Bulo kuma matsalarsa a buhu take, ni a wurina buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo talatin zuwa talatin da biyar na inci tara ba, amma masu ginin siyarwa wasu suna sayen wanda aka ja buhu ya ba da kusan ninkin haka.

A cikin silin ana duba katako, gara ta shiga ko ba ta shiga ba, an shafa masa magani ko farin katako ne, an ɗaure rufin da bango da kyau ko iskar farkon damina za ta yaye shi, kwanon akwai hasken rana yana shigowa ta ramukan ƙusa ko babu. A can ne kuma ake ganin gaskiyar wayarin, ko an sa waya cikin bututu ko an watsa ta haka kan katako an haɗa da salatif. A buɗe soket biyu uku a ga kaurin waya, a ma'aunin milimita na fitila 1.5 ne, na soket 2.5, na AC ya kamata ya kai 4, kuma a kankare a ga jan ƙarfe ne na gaske ko fari ne aka shafa wa ja. A duba akwai at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa don kariya, ko babu. A buɗe duk famfunan gidan lokaci guda, a ja ruwan kowane masai, a ɗaga murfin sokawe, a auna tazararta da rijiya ko bohol, ƙasa da mita 15 ni ba na sa hannu a kan ruwan. Mita kuma a karɓi lambarta a je KEDCO a tambayi ko akwai bashi a kai, mutane da yawa sun tare sun tarar da tsohon bil yana jiransu.

Inda aikina ya tsaya

Ko wane injiniya ka ɗauka, ba ya gani ta cikin kankare da ƙasa. Zurfin fandeshin ba a saninsa sai an tona rami a gefensa, kuma sai mai gida ya yarda, in ya ƙi wannan ma amsa ce. Gudumar gwaji kiyasi take bayarwa, in ana son tabbaci sai an yanko kankaren an kai ɗakin gwaji. Yoyon rufi da rani ba ya nuna kansa sai dai tabonsa, shi ya sa na fi son duba gida a watan Agusta, ko washegarin ruwa mai ƙarfi. Rahoto hoton ranar da aka je ne, ba garanti ba ne na shekara goma. Ni kuma daga nan ban ga gidanka ba, duk abin da na faɗa na gaba ɗaya ne, yana iya yiwuwa gidan lafiyayye ne mai shi fenti kawai ya yi don ya samu kasuwa, ana yin haka kuma ba laifi ba ne.

Takardu kuma ba fannina ba ne, lauya za ka sa, amma kar ka bari ɗayan ya sa ka manta ɗayan. Ya je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, ya bincika fayil ɗin, sunan wa ke kan C of O, wato takardar mallakar fili, an jinginar da shi a banki ko a'a, in gidan gado ne duk magada sun sa hannu ko wani ne ya yi gaban kansa, akwai izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ko babu. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da mallakar fili mai irin wannan takarda zuwa wani, don haka takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu ba ita ce ƙarshe ba. Wanda ya ga rusau ɗin 2023 a Kano ya san gini mai ƙarfi a filin da ke da rigima ba ya tsayawa. Na san a fiƙihu akwai haƙƙin mayar da kaya in an ɓoye aibi, amma ka tambayi duk wanda ya taɓa bin kuɗin gida bayan an raba su tsakanin mai gida da dillalai ya gaya maka shekara nawa ya yi yana zirga-zirga.

Maganar sati ɗaya da Alhajin da ke jira kuwa, kusan duk gidan da na taɓa dubawa akwai wannan Alhajin, ban taɓa haɗuwa da shi ba. Sati ɗaya ma ya ishe ka in ka motsa yau, kwana biyu ka tace mutum, kwana ɗaya dubawa, kwana biyu rahoto, lauya yana nasa a lokaci guda. In dole sai ka ba da kafin alƙalami to ya zama kaɗan, a rubuce, da shaidu, da sharaɗin cewa in rahoton injiniya ko binciken lauya ya nuna matsala za a dawo maka da kuɗinka cif. Kuɗin dubawar ba zan yanka maka ba don ya danganta da girman gida da irin gwajin da za a yi, ka tambayi mutum uku ka kwatanta, amma kar ka ɗauki mafi araha don arahar kawai, ka ɗauki wanda rahotonsa ya fi gamsar da kai. Ranar dubawa in za ka iya ka hau mota ko jirgi ka zo da kanka, in ba hali ƙaninka ya tsaya, shi da abokin nasa ma su zo su bi injiniyan ɗaki-ɗaki, su kira ka a bidiyo lokacin da aka hau silin da lokacin da aka zagaya bayan gida. Kuma ka ce wa dillalin ya turo maka hotunan gidan na kafin a yi fentin, in yana da su.